Takalman Gwadabe

Gwadabe ɗan masunta ne daga Kirikasamma, a taɓon fadama ya koyi gudu. Shekara huɗu ya yi a makarantar Midil yana buga ƙwallo ba takalmi, ba mahalukin da ya taɓa cim masa. Da ya shiga kwaleji, wani malami Bature ya ce abin kunya ne baƙi su gan shi haka, ya tilasta masa takalma masu ƙusoshi. Gudun farko ƙusa ta kafe a ƙasa, gwiwa ta goce. Ya koma gida yana ɗingishi, ya kama gyaran taru. Ba wanda ya zo duba shi, sai masinjan da aka aiko karɓar takalman, wai kayan makaranta ne.