Dukusar Ƙarshen Disamba

Da mahaifinmu ya rasu, ya bar mana mazra'a, wato gonar dabino, a hanyar Khaibar a nan ƙasar Larabawa, da goɗiya guda mai takardun asali, da wani dattijo mutumin Nijar wanda ya yi shekara da shekaru yana kula da bargarsa. Baba muke ce masa tun muna yara. Mu biyu ne 'ya'yan gidan, ni da yayana, kuma tun ranar da aka share makoki ya ɗauka komai ya dawo hannunsa, har da ni.

Yaya bai san doki ba. Ya san dai zama a istiraha, gidan hutu na bayan gari, da abokansa ana hirar sukuwa, shi ma yana so a ce yana da doki a filin sukuwa. Cikin watan Janairu ya dage sai an kai goɗiyar baye wurin ingarman wani abokinsa. Ina zaune a gindin dabino Baba ya ba shi haƙuri.

"Ka bari sai Fabrairu ya raba," in ji Baba. "Cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne. In aka kai ta yanzu, tana iya haihuwa kafin shekara ta fita."

"To sai me?"

Baba ya yi masa bayani kamar mai koya wa yaro alwala. A littafin dawakin sukuwa ba ruwansu da ranar da aka haifi doki. Duk wanda ya faɗo cikin shekara, ranar ɗaya ga Janairun da ke biye an ba shi shekara guda cif. Na watan Maris da na ƙarshen Disamba sa'o'in juna ne a takarda, tare za a jera su a fili, ɗaya ya girmi ɗaya da wata tara.

Yaya ya amsa da Larabci, yadda yake yi in yana son ya nuna wa mutum matsayinsa. "Khalas, ya ammi," wato ya isa haka, baffa. "Ba shawara na zo nema ba."

Aka kai ta.

Saura kwana huɗu shekara ta ƙare, bayan Azahar, Baba ya kira ni a waya. Ya nemi Yaya sau uku bai ɗauka ba. Na baro unguwarmu ta Sultana da mota, na iske goɗiyar ta riga ta sauka, 'yar dukusa ja tana ta faman miƙewa a kan ƙafafu kamar sillen kara. Na tuna mahaifinmu, hawaye ya zubo mini. Na ɗauki bidiyo na tura wa dangi a waya, na rubuta masha Allah. Iyakar laifina ke nan.

Kafin Yaya ya iso, wani ɗan kawunmu ya riga ya tura wa mai ingarman, shi kuma ya watsa wa duk abokansu yana yi wa Yaya mabruk, wato barka. Da la'asar ya shigo barga, ko kallon dukusar bai yi ba.

"Wa ya ce ki tura?"

"Sai na nemi izini kafin in nuna wa dangi dokin ubana?"

"Kwana huɗu!" ya ce, yana ɗaga yatsu a fuskata. "Kwana huɗu kawai za a rufe ƙofa a yi shiru, a rubuta biyu ga Janairu. Kowa haka yake yi."

Ban san ko kowa haka yake yi ba. Na san dai shi ne ya jawo, kuma na faɗa masa a gaban Baba. Sai ya juya kan dattijon. Wai in likitan dabbobi ya zo rajista, Baba ya ce bidiyon na wata goɗiyar maƙwabta ne.

"Ni na karɓi haihuwar nan da hannuna," Baba ya ce. "Ba zan ce ban karɓa ba."

"Kai, ni ne kafilinka," in ji Yaya. "Da sunana kake zaune a ƙasar nan."

Ban taɓa jin wani a gidanmu ya ce wa Baba "kai" da irin wannan murya ba. Baba ya ɗebi ciyawar barsim ya zuba wa goɗiyar. Da likitan ya zo, aka rubuta gaskiya. Dukusar tana da kwana huɗu a duniya ta zama 'yar shekara ɗaya.

Da iƙamar Baba, takardar izinin zamansa, ta ƙare, Yaya ya ƙi sabuntawa. Na roƙe shi, mahaifiyarmu ta roƙe shi, ya ce tsufa ya kama mutumin, ya je gida ya huta. Na nemi a mayar da kafalar a kaina, takardu suka ja, wa'adi ya cika. Ni na kai Baba filin jirgi da jakarsa ɗaya da kwalin dabino. A bakin ƙofa ya ce mini, "'Yata, kada ki bari su hau ta da wuri. Takarda ce ta girma, ƙashinta bai girma ba."

Sun hau ta da wuri. Sau biyu aka fita da ita fili, tana tsakanin dawakin da suka fi ta tsawo da faɗin ƙirji, sau biyu tana zuwa a baya. A horo na gaba jijiyar ƙafarta ta gaba ta kumbura, aka dawo da ita mazra'a tana ɗingishi. Har yau Yaya yana gaya wa mutane cewa ƙanwarsa ce ta kashe masa doki da waya.

Mahaifiyarmu tana so mu shirya kafin ta bar duniya, saboda haka kowace sallah nakan je gidansa. In gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabci. Matarsa ta zuba mini gahawa, in sha finjali ɗaya, in girgiza shi alamar ya ishe ni, in ɗauki makullin motata.