Cokalin Goggo Mai Kwalba

Kullum da hantsi, kafin rana ta leƙo tagar sitonta, Goggo Mai Kwalba ta riga ta ja labule. Ɗaki ne mai sanyi da duhu-duhu, kantoci cike da kwalaben tumatir da tattasai da mangwaro, ba wadda aka ɗora kan 'yar'uwarta. Sai ta ɗauki ƙaramin cokalinta ta bi murafen tana ƙwanƙwasawa, kunne a karkace. Murfi mai lafiya ƙara yake yi siririya. In na tsaya a bakin ƙofa, ji nake kamar yayyafi ne ya fara sauka a kan kwano, har gyangyaɗi ya so ɗaukata.

Ita ta koya wa matan layinmu, har da mahaifiyarmu, yadda ake dafa kayan lambu a rufe a kwalba, da inda ake ajiye su: nesa da murhu, nesa da danshi. Kwalba na hucewa za ta sa a kwance zoben da ke ɗaure murfin. Wai zobe munafuki ne, yakan danne murfin da ya riga ya saki. Jikokinta na tsokanarta cewa ta fi son kwalabe a kansu. Takan ce, "Ku ai kuna da bakin kuka. Su fa?"

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, kwalbar tumatir ɗaya tak ta rage daga aikin hannunta. Ƙanwata ta ɗauke ta daga sito ta ajiye a taga, don ta riƙa ganin jan nan yana haske in rana ta doke shi. Da kewa ta ishe ta, ta ce za ta buɗe ta dafa wa 'ya'yanta, su ɗanɗani hannun kakarsu. Na lura murfin ya ɗan taso, alamar abin ciki ya lalace. Na je na kira Goggo.

Goggo, ke ce kika shigo ba gaggawa, kika ɗora cokali a kan murfin. Ƙarar ta fito a dushe.

Ƙanwata ta rungume kwalbar. "Goggo, ɗan lasa kawai. Ita ke nan fa ta rage mana."

Kika ce, "Ko a kan harshe, 'yar nan. Da uwarku na nan, da hannunta za ta zubar, ba za ta bai wa jikokinta ajalinsu ba."

Kika zauna da ita har ta gama kukanta. Sannan kika tafasa kwalbar da abin cikinta tsawon lokaci, kika binne tumatirin inda yaro ko kaza ba za su tono ba. Da tumatir ya yi araha, kika dawo da sabon murfi, kika tsaya a kanta ta cika kwalbar da hannunta.

Bana kunnen Goggo ya yi nauyi, ta ce ta daina zagayen gidaje. Mun gode, uwar sito. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya. Mu kuma, kowa ya leƙa sitonsa ya saurari murafensa, wanda ya taso a zubar ko na waye.

Cokalin yana hannun ƙanwata yanzu. Jiya ta kai wa Goggo kwalbar nan, ta ƙwanƙwasa mata a jikin kunne. Goggo ta lumshe ido ta ce, "Ban ji ba, amma na ga fuskarki."