Agogon Kawu a Cikin Auduga

Ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yammar wata Alhamis abin ya fara dagulewa. Na san lokacin daidai ne domin a nan agogon ya tsaya. Da safe na duba shi yana tafiya lafiya lau. Da na dawo daga kwaleji wajen ƙarfe biyar na buɗe gwangwanin da na ajiye shi a ciki, sai na tarar tsinken daƙiƙa ya kafe wuri ɗaya. Na kara shi a kunne. Shiru.

Agogon na Kawu ne, ƙanin Umma. A shekarar 2012 ke nan, muna zaune a ƙasar Larabawa, a unguwar Al Muraqqabat, a wani filat mai ɗaki biyu, Baba yana aiki a ofishin kago da ke tura kayan 'yan kasuwa zuwa Kano. Ni ina shekarar farko a kwaleji, kuma in ka cire gaisuwa, ana iya wuni ba a ji muryata ba. Kawu kuwa tayil yake sara yana lodawa a kwantena, yana zaune a Hor Al Anz shi da abokan kasuwancinsa huɗu.

Agogo shida yake da su, dukansu irin na masu nutso a teku, masu kauri da nauyi, da zobe mai juyawa a kewayen fuska. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci a gidanmu yake cin abinci, sannan ya ciro faifan fim ɗin leƙen asiri daga aljihu. Labarin bai dame shi ba. Jira yake ɗan leƙen asirin ya fito daga ruwa ya dubi tsintsiyar hannunsa, nan take sai ya tsayar da fim ɗin.

"Malama, matso ki gani," haka yake kirana. "Mai baƙar fuska, babu kwanan wata. Irin nawa ne sak."

Umma takan ce daga kicin, "Kai da ko kududdufi ba ka taɓa shiga ba? In za ka yi alwala ma sai ka cire shi ka sa a aljihu."

"Yaya, ai ba shigar ba ce. Sanin cewa in na shiga babu abin da zai same shi, shi ne daɗin."

"To shi babu abin da zai same shi. Kai fa?"

Baba ya yi ta dariya har sai ya ƙware. Ni kaɗai nake matsowa in duba da gaske. Kawu ya nuna mini cewa da zoben mai nutso yake auna mintocin da ya yi a ƙarƙashin ruwa, don kada iskarsa ta ƙare. Shi kuwa da shi yake auna lokacin fakin ɗin motarsa a Deira. Ranar Asabar yakan haɗu da wasu masu irin wannan sha'awa a shagon gahawa, Ba'indiye da Balarabe da wani tsohon Bature, su baje agoguna a kan tebur su yi ta musu a kan wane fim ne aka sauya maɗauri daga ƙarfe zuwa ƙyalle. Ya ce a wurinsu agogon da rana ta koɗar da zobensa ya fi sabo daraja. Wannan ya ba ni mamaki har na rubuta shi a littafina.

Ran Talatar makon da abin ya faru, da safe, ya biyo ta gidanmu a hanyarsa ta filin jirgi, zai je Kano bikin ɗiyar abokinsa, kwana goma. Ya kwance mai baƙar fuskar daga hannunsa ya miƙo mini.

"Wannan ba zai je biki ba. Wani babba zai kama hannuna ya ce masha Allah, kunya ta sa in cire in ba shi. Ki riƙe mini. Duk gidan nan ke kaɗai ce ba ki taɓa fasa ko kofi ba. Kuma kar ki bari kowa ya buɗe bayansa."

Ban taɓa jin girma kamar na ranar ba.

A gidanmu ajiya tana da doka. Matan da ke zuwa sari daga Kano sukan bar wa Umma leshi da turare da sarƙoƙi, ita kuma ta ƙulle ta ɗora a saman wadirof. Ko sunsuna turaren ajiya ba a yi, balle a gwada sarƙa a wuya. Don haka na samo gwangwanin cakulan, na shimfiɗa auduga, na kwantar da agogon, na rufe shi da wata audugar, na sa a durowa ta ƙasa. Safe da yamma nakan ɗaga murfin in leƙa ba tare da na taɓa shi ba. Kwana biyu da rabi ya yi a hannuna ya mutu.

Ban gaya wa kowa ba. Na buɗe littafina na jera abin da zai iya jawowa: sanyin ɗaki, danshin audugar, wayata da na taɓa ajiyewa a kan durowar. Na shiga intanet, ya ƙara mini wasu dalilai goma, ni kuma na zaɓi mafi muni na riƙe. Ran Juma'a Kawu ya bugo wa Umma, ya ce a ba ni.

"Malama, ya mutumina?"

"Yana nan, Kawu."

Ban yi ƙarya ba. Ba tsadar agogon ce ta fi damuna ba. Maganar kofin nan ce. Mutum ɗaya ne a duniya yake tsayar da fim don ya nuna mini abu, kuma zai dawo ya ga ya yi kuskuren zaɓe.

Ran Asabar na ce wa Umma za ni laburare. Na fara tsayawa wurin wani mai gyara a Al Rigga, ya sa gilashi a ido, ya ɗauko abin buɗe baya. Na fizge gwangwanina na ce na gode. A cikin jirgin ƙasa na metro na ɗora shi a cinya na riƙe da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Da jirgin ya ɗan girgiza na leƙa, sai na ga tsinken ya motsa, taku biyar ko shida, ya sake tsayawa. Wannan ya fi tsayuwar farko tayar mini da hankali.

A wani babban kanti, shagon masu sayar da irin agogon yana da ƙofar gilashi da mai gadi a tsaye. Na wuce shi sau uku. A karo na huɗu na shiga, na ajiye gwangwanin cakulan a kan teburin gilashi, duk Turancin da na shirya ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wayyo Allah na."

"Ei! Ƙanwata, Bahaushiya ce ke?"

Mai sayarwar ce, wata doguwar mata da baƙar kwat da ɗan kwali. Ta ce ita 'yar Zangon Kumasi ce, shekararta biyar a shagon. Hausarta tana da wani lanƙwasa da ban saba ji ba, amma ban taɓa jin daɗin Hausa kamar na wannan minti ba.

"Cakulan kika kawo mini?"

Na buɗe. Ta ɗaga audugar da yatsa biyu, ta dubi agogon, ta dube ni.

"Wa ya rasu aka yi wa wannan likkafani?"

Na ba ta labarin tun daga Talata, har da jerin da ke littafina. Tana ji tana danne dariya. Sai ta ɗauki agogon ta kaɗa shi a hankali, hagu da dama, yadda Umma take kaɗa faifai in tana bushe gero. Ta kwance ɗan maɓallin gefe ta murza shi, tana ƙirga da leɓe. Ta miƙo mini a kunne. Yana ta sauri, tik-tik-tik, kamar bai taɓa yin komai ba.

"Anti, batir ne?"

"Ba shi da batir, habibti. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikinsa da ke juyawa in hannu ya motsa, shi yake yi masa wani, ya ba shi ƙarfin tafiya. In aka ajiye shi kwana biyu sai ya yi barci. Kawunki ya sani, ya ɗauka kowa ma ya sani. Duk haka suke, masu tara agogon nan."

Ta saita shi da agogon bango, ta ɗaure maɓallin gam, ta kama hannuna ta zura mini shi. Ya zame har kusan gwiwar hannu. Har yau in Kawu ya so tsokanata, gwangwanin cakulan yake kawo mini tsaraba, amma a ranar ni ban ga abin dariya ba tukuna. Na yi sauri zan cire.

"Anti, ajiya ce fa. A gidanmu ba a sa kayan ajiya."

Ta dafe hannuna, ta tura gwangwanin gefe.

"Mu ma a Zango haka ne, ƙanwata. Amma wannan a hannu ake ajiye shi. Ki sa shi, ki yi shara, ki yi wanke-wanke, ki yi alwalarki da shi, ruwan famfonku ba zai ba shi tsoro ba. Yalla, tafi gida, kuma ki riƙa kaɗa hannu in kina tafiya."