Ruwan da Nedyalka Ta Zuba

Duk wanda ya ce muku tsufa ne ya rikita Nedyalka, ku turo min shi rumfata in gaya masa abin da ba zai so ji ba. Tare muka yi aiki da ita a masaƙar garin nan, injina na kallon injinta, kuma har yau a bene ɗaya muke zaune, ita a hawa na biyu, ni a can sama. Ni ce Velichka, mai sayar da soyayyun 'ya'yan kabewa a ƙofar filin ƙwallo. Abin da ya faru da ita a gaban idona ya faru, saboda haka ba na karɓar gyara daga bakin kowa.

A nan, idan yaro zai fara makaranta, ko amarya za ta bar gida, ko mutum zai yi doguwar tafiya, uwa ko mata takan zuba ruwa a gabansa ya taka ya wuce, don al'amarin ya tafi masa sumul. Abin da Nedyalka ta yi wa mijinta Stoimen ke nan ranar da aka fara sa shi a ƙungiyar masaƙa. Makaniki ne, mai tsaron baya, ƙato, wanda in ya buga ƙwallo sai an je bakin kogi nemo ta. Ranar kuwa ya ci ƙwallo da ka. Da abokan wasansa suka ji dalili, suka ce ai ba zai ci wannan alherin shi kaɗai ba.

Tun daga nan ya zama aikinta. Duk ƙarshen Yuli, ranar buɗe kakar wasa, za ta hau tudu da sassafe ta ɗebo ruwa a maɓuɓɓugar bayan coci, cikin ɗan bokitin tagullar da ta gada wurin uwarta. Ta tsaya a ƙofar ɗakin canza kaya, ta watsa shi a kan siminti, ta ce, "Ya tafi muku kamar ruwa, 'ya'yana." Su kuma su fito ɗaya bayan ɗaya su taka da ƙafar dama, har koci, har mai ɗaukar akwatin magani. Babu wanda ya taɓa ba ta ko kwalbar lemo a kan haka, ita ma ba ta nema ba. Stoimen ya bar wasa, gwiwa ta ci shi, daga baya zuciya ta ɗauke shi, ita tana nan tana zubawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙungiyarmu ba ta taɓa ɗaukar wani kofin kirki ba. A rukuni na biyu muka rayu. Amma ranar Asabar garin nan yana da wurin zuwa, kuma ba mu taɓa faɗuwa ƙasa ba.

Sai shekarar da 'yarta Rositsa, wadda ke aikin tattara lemo a Sifen, ta zo haihuwa. Haihuwar ta zo da gardama, aka yi mata aiki, ga ta a ƙasar mutane ba uwa ba dangi. Wace uwa ce za ta zauna? Nedyalka ta hau mota ta tafi, aka buɗe kaka babu ruwa. A shekarar ne mutumin da ya sayi masaƙar ya kwance injunan ya sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe, ya daina biyan 'yan wasa, ya tattara ya koma bakin teku. Kafin ƙanƙara ta narke an rushe ƙungiya, an sa wa filin sarƙa.

Kowa a garin nan ya san wanda ya kashe ƙungiyar. Amma shi yana can bayan katanga da karnuka, ba mai iya tsokanarsa. Nedyalka kuwa kullum da safe sai ta wuce ta gaban shagon kofi za ta sayo burodi. Wani dattijo da muke kira Bai Blagoi, tsohon ɗan sanda mai bakin da ba ya rufuwa, shi ne shugaban masu zaman wurin.

"Neda, yaya Sifen?" in ji shi. "An ce lemonsu da zaƙi. Ai dole ya yi zaƙi, tunda ƙungiya guda muka bayar aka ba mu shi."

Sai teburin ya kwashe da dariya. Su a wurinsu raha ce, abin haɗiye kofi. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta wuce. Na sha tsayawa in wanke su tas, amma washegari sai su koma.

Wata rana muna hawan bene da kayan cefane, ta tsaya tana haki, ta ce, "Vela, da na jira mako ɗaya kawai."

Na ce, "Ke Neda, ki ji tsoron Allah. Ruwanki ne zai hana ɓarawo kwance injin?"

"Duk shekarun da na zuba, mun faɗi?"

"Ba mu faɗi ba."

"To."

Ta ɗauki jakarta ta ci gaba da hawa. Daga ranar na gane maganar ta zauna mata a ƙirji. Rositsa ta yi ta roƙonta ta koma wurinsu, akwai ɗaki, akwai rana, ƙafarta za ta huta da sanyinmu. Ta ƙi. Ko ziyarar rani ta ƙi, wai in aka buɗe sabuwar ƙungiya tana can fa? A waya ta ga jikanta ya fara tafiya, a waya ta ga ya shiga makaranta. Ta ce ita ta karya abin, ita za ta ɗora shi, kuma ba za ta motsa ba sai ta sake zuba ruwan nan.

Fiye da shekara goma muka yi a haka. Ciyawa ta kai ƙugu a filin, wani ya riƙa kiwon awakinsa a bayan raga. Duk zaɓen magajin gari sai a zo da hoton sabon fili a manna a bango, ruwan sama ya wanke shi. Maza masu son ƙwallo suka koma kallon ƙungiyoyin Sofiya, babban birni, a talabijin, suna zagin mutanen da ba su san da su ba.

Bara da bazara sai ga Paunov, mai gonakin kaji, ya ce zai kafa ƙungiyar ƙwararru da sunan garinmu. Wannan karon da gaske ne, don ya sayi gurbin wata ƙungiya da ta talauce a wani gari. Ku zo ku ga tsofaffi! Mutanen da likita ya hana ɗaga bokiti suka fito da lauje da fenti. Babu wanda ya biya mu, mu muka share filin nan. Nedyalka, da shekarunta saba'in da ɗoriya, ta durƙusa tana kankare kashin tantabara daga kujeru har yatsunta suka fashe. Da yamma na same ta tana goge bokitin tagullar da toka da ruwan tsami, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Rabona da jin muryarta a waƙa tun Stoimen na da rai.

Ana saura mako guda a buɗe kaka, na raka ta ofishin ƙungiyar don ta ji ta wace ƙofa 'yan wasa za su fito. Manajan wani ne Kaloyan, ɗan Sofiya, mai ƙamshin turare da waya biyu. Ya ba mu kujera, ya saurare ta har ƙarshe, yana murmushi.

"Lelya Nedyalka, wallahi labarin nan ya taɓa ni," in ji shi, har da kiranta lelya, wato gwaggo. "Kuma kin san abin daɗi? Mu ma mun yi tunanin al'adar. Mun riga mun shirya ta."

Ta ce, "Kun shirya da wa, ɗana?"

Ashe wani kamfanin ruwan kwalba ne ya sa sunansa a rigar 'yan wasa. Za a kawo wata yarinya daga Sofiya, a sa mata kayan gargajiya, ta tsaya a tsakiyar fili ta tsiyaye kwalbar kamfanin a gaban kyamara.

"A tsakiyar fili?" in ji Nedyalka. "A kan ciyawa? To wa zai taka?"

"Ai alama ce kawai, lelya. Ke kuma ga tikiti, layin gaba, kyauta."

Ni dai ban iya haɗiye ta ba. Na ce, "Kai yaro, matar nan tana zuba ruwan nan tun uwarka ba ta san ubanka ba. Kujerar da za ka ba ta kyauta ita ta kankare ta da farcenta. Ka je ka shayar da ciyawarka da kwalba, amma kada ka kira shi al'ada." Ya ce ya fahimci ɓacin raina, sai dai hukumar wasa ba ta yarda wanda ba shi da kati ya kusanci ɗakin 'yan wasa ba. Ya raka mu har ƙofa, har da riƙe mata hannu a matakala. Ladabin nan nasa ya fi komai ƙona min rai.

A hanyar gida, da muka kai gada, sai ta tsaya. Ta ce, "Ai dole su sauko daga mota. Ƙasa za su taka."

Ranar wasa, da hantsi ta riga ta hau tudu ta sauko, ƙafarta a kumbure. Na bar wa maƙwabciyata rumfa, muka zagaya ƙofar baya inda motar 'yan wasa za ta tsaya. Rana ta take, kwalta har laushi take yi. Nedyalka ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta rufe bakin bokitin da tafin hannu don kada ƙura ta shiga.

Motar ta zo, doguwa, mai baƙin gilashi. 'Yan wasan ba a garinmu suke kwana ba, daga wani otal aka kwaso su. Ƙofa na buɗewa ta matsa, ta watsa ruwan daidai inda za su sauka, ta ce da ƙarfi, "Ya tafi muku kamar ruwa, 'ya'yana!"

Na farko ya leƙo, abin jin waƙa a kunnensa, farin takalmi fes a ƙafarsa. Ya dubi ruwan, ya yi tsalle ya haye. Na biyu ya bi ta gefe yana ɗage ƙafa. Yawancinsu baƙi ne daga ƙasashe masu nisa, ban ga laifinsu ba, wa ya gaya musu? A ganinsu wata tsohuwa ce ta zubar da ruwan wanki. Amma akwai namu a cikinsu, 'yan ƙasar nan, waɗanda na tabbata uwayensu sun zuba musu ruwa ranar shiga makaranta. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Haba baba, ki riƙa dubawa mana," ya kare jakarsa ya kewaye. Ina tsaye ina kallon ƙafafunsu har na ƙarshe ya shige. Ko ɗaya bai taka ba.

Wani mai gadi da aka ɗauko haya daga wani gari ya kama gwiwar hannunta ya ja ta gefe. Na ce ya sake ta ko in fasa masa kai da bokitin. Kafin mu gama cacar baki ruwan ya bushe a kan kwalta.

Ta ƙi shiga. Ta zauna a kan kujerata a bayan rumfa, bokitin a cinyarta, tikitin a aljihu. 

"Za a lallasa su, Vela," in ji ta. "Kuma ni ce ban iya tsayawa inda ya kamata ba."

Ina auna wa mutane 'ya'yan kabewa, kunnena na cikin fili. Ba a daɗe da farawa ba sai ihu ya tashi, irin wanda na manta garin nan na da shi, har tantabaru suka watse daga rufi. Ta ɗago kai. Kafin hutu aka sake. Bayan hutu aka ƙara na uku. An tashi uku da nema, mu ke da ukun.

Mutane suka fito suna waƙa, tsofaffi na rungumar juna suna kuka. Sai ga Bai Blagoi, da sabon gyalen ƙungiya a wuya cikin wannan zafin, fuskarsa ja wur. Yana ganinta ya buɗe hannuwa.

"Neda! Uwar ƙungiya! An ce kin zuba a ƙofar baya. Kun gani ko? Ban gaya muku ba? Hannun nan bai tsufa ba! Mun yafe miki Sifen!"

Wai sun yafe mata. Na ɗauki ludayin awo zan jefe shi, ta riƙe min zane. Suka wuce da waƙarsu, titi ya rage daga mu sai ɓawon kabewa.

Ta daɗe tana kallon cikin bokitin. Can ta ce, "Kin ga ƙafafunsu, Vela?"

"Na gani."

"Babu wanda ya taka? Ko da gefen takalmi?"

"Babu."

"Kuma sun ci."

"Sun ci uku."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ashe ba ni na kashe ta ba."

Na ce, "Shekara nawa ina gaya miki?" Raina ya yi sanyi, na zaci ta sauke kayan ke nan, har na fara tattara buhuna. Da na juyo sai na ga hawaye na bin fuskarta, ba ta ko share shi.

Ta ce, "To duk shekarun can da ba mu faɗi ba, Vela, su ma ba ni ba ce ke nan?"