Kawu Sale da Kwatocin Landan

Ni fa ba a tambaye ni ba! Ina kwance a unguwarmu Dagenham, a Landan, ranar da ba ni da aiki, Mama ta yaye min bargo: "Tashi, Kawunka Sale ya zo taro, kai za ka zaga da shi gari." Ban gama miƙa ba sai ga Gwaggo, matarsa, a waya daga Zariya: "Abba, hoto ɗaya nake so, shi a gaban babban agogon nan. Na riga na faɗa wa matan layinmu, kada ka ba ni kunya."

To kun dai san marigayi Kawu Sale. Bai taɓa tafiya kansa a sama ba. Aikinsa magudanan ruwa, ko gidan biki ya je sai ya leƙa kwata kafin ya gaida ango. Taron da ya kawo shi ma na masu kwata ne, wai har da takardar gayyata!

Muka fito daga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, na ce, "Kawu, ga fadar sarkinsu!" Na waiga, babu Kawu. Can na hango shi tsugune a bakin titi, ya tattare babbar riga, yana shafa murfin kwata kamar kan jariri.

"Abba, zo ka ga ƙarfe! Kuma ba wanda ya sace!"

"Kawu, mutane na kallo fa."

"Su kalla mana, su ma su ƙaru."

Sai ruwa ya kece. Kowa na neman mafaka, na ja shi, ya fizge. Ya tsaya tsakiyar ruwa, riga sharkaf, yana bin ruwan da ido har ya shige rami, sai ya hau tafi: "Ya wuce! Wallahi ya wuce! Ko leda ɗaya babu!" Wani ɗan sanda ya matso, ya tambaye ni ko dattijon lafiya yake. Na ce lafiya lau, tun daga gida haka yake.

Da ƙyar, da lallashi, na kai shi gaban agogon. Na saita waya. "Kawu, ɗago kai." Ya ɗago. Ina dannawa ya hango wani murfi a gindin ƙafarsa. Na sake, ya sake. Ga agogo tsaf a sama, a ƙasa kuwa ba fuska, ba gemu, sai saman hula.

"Haba Kawu! Gwaggo za ta cinye ni ɗanye! Wa zai yarda kai ne?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Tura mata haka, yaro. Tun da ta aure ni saman hular nan take gani. Idan na ɗago ne ba za ta gane ni ba."

Na tura. Aka ce har guɗa ta yi.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba Gwaggo haƙurin rashinsa. Amin.