Dubiya a McLeansville

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Malam Laminu, kuma har yau ƙaramin rediyonsa yana bisa firij a gidanmu na McLeansville, gabas da Greensboro. Ba na kiɗa ba ne. Irin wanda ke kamo maganar 'yan kwana-kwana da motocin asibiti ne, lokacin da ake tura su gidan da aka kira.

Sa'ad da ya ɗauko ni daga Maraɗi, kaina cike yake da littattafan soyayya. Na ɗauka a Amurka miji da mata sukan zauna a kan ciyawa suna kallon juna har rana ta faɗi. Sai na tarar da dogon mutum mai sanyin murya, wanda in ya dawo daga aiki zai cire takalmi, ya kunna wannan abu mai ƙara kamar ana suya, ya yi tagumi.

Wata rana na ce masa, "Malam, wai ni ka auro ko wannan akwatin?"

Ya yi dariya. "Ke, a Maraɗi in maƙwabci ya yi tari, ta katanga kike jin sa. Nan ina katangar? Gida da gida sai da mota. Za a ɗauki mutum a kai shi lopital, asibiti ke nan, ba ka sani ba, ba ka je dubiya ba. Me za ka ce wa Allah?"

Sunayen tituna yake saurare. In ya ji na kusa da mu, washegari sai ya sa in yi farfesun kaza mu kai dubiya. Zuwanmu na farko gidan wani tsohon Bature ne da matarsa ta faɗi a banɗaki. Ya buɗe ƙofa kaɗan, karensa na haushi, ya tambaye mu yadda muka sani, ya ce in ba mu tafi ba zai kira 'yan sanda. A mota na yi kuka don kunya. Malam ya ce, "Bai san dubiya ba ne. Jibi mu koma." Muka koma. Ranar da aka yi wa Malam salla, tsohon nan yana tsaye a bayan sahu, hularsa a hannu.

Ina yawan tunanin abin da Malam zai ce da ya ga yau. Kusan kowace ƙofa yanzu da kamara, ana ganin ka tun ba ka fito daga mota ba. Na san shi, kamarar ma sallama zai yi mata. 'Yarmu Zainabu, wadda ke aikin jinya, ta ce rashin lafiyar mutum sirrinsa ne, kada in kuskura in je irin wannan dubiyar. Da Turanci take faɗa mini, ni kuwa da Hausa nake shiru. Ban ce ba ta da gaskiya ba.

Tun rasuwarsa ina kunna rediyon, ina yi wa kowane titi addu'a, amma ban taɓa zuwa ko'ina ba. Tsoro nake ji: mace ɗaya da hijabi a ƙofar wanda bai san ta ba. Kullum in na kashe rediyon sai in ji kamar Malam ya sake yi mini nisa.

A watan jiya, bayan la'asar, na ji an kira titinmu. Namiji ne, ciwon ƙirji. Motar asibiti ta wuce ta gabana zuwa gida mai shuɗiyar ƙofa a ƙarshen hanya. Washegari na dafa kaza, na zuba a kula. Na daɗe zaune a mota, kular tana cinyata, kafin na iya fita.

Matar gidan ce ta buɗe, idanunta sun kumbura. Na ce ni maƙwabciyarta ce, na zo gaida mara lafiya. Ta dube ni, ta dubi kular. Ta ce mijinta bai kai asibiti da rai ba, 'ya'yanta kuma sai gobe za su iso. Sannan ta matsa gefe ta ba ni hanya.

Muka zauna a kicin ɗinta har magariba. Turancina bai kai na ta'aziyya ba, ita ma ba ta nemi magana ba. Hannuna kawai ta riƙe.

Malam bai bar dukiya ba, bai bar suna a garin nan ba. Amma a ranar wata mata ba ta wuni ita kaɗai da rashinta ba, kuma shi ya koya wa ƙafata hanyar ƙofarta. Allah ya kai masa ladan, ya haskaka kabarinsa.