Ruwan da Kawu Ke Zuba wa Shanun da Aka Kore

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kaduna, ni da ƙanwata. Waya ce ta tashe mu daga Bungudu, wai Kawu, ƙanen mahaifiyarmu da muke zuwa hutu wurinsa muna yara, kansa ya taɓu. Maganar ta tsaya mini a rai tun daga Zariya har Funtuwa.

Damina ta yi kyau bana. Gero ya fitar da kai, dawa ta rufe gonaki. Amma muna wuce Yankara hira ta mutu a cikin mota, kowa ya koma salati, ga shingayen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya. A Tsafe muka tsaya karyawa. Wainar ta ƙanƙance kuɗinta ya hau, har ƙanwata ta tambayi mai suyar ko wainar ma azumi take yi. A wannan tasha Kawu kan saya mana rake in ya ɗauko mu hutu. A nan kuma, a wancan zamani, akwai wani mutum mai rataye da tsummoki da gwangwanaye, yana faɗa da wanda ba a gani. Shi ne iyakar abin da muka sani da sunan hauka, na kuma kasa ɗora hoton Kawu a kan nasa.

Mun wuce dutsen Kwatarkwashi yana nan yadda na bar shi, muka canza mota a Gusau, hantsi ya yi muna Bungudu.

Inna, matar Kawu, ita ta ba mu labari a zaure. Bara 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu, suka kore shanun huɗarsa a gaban idonsa, shi ya sa suka dawo gari. Tun daga nan barci ya ƙaurace masa, abinci sai an matsa, in ya ji ƙarar babur jikinsa ya ɗauki rawa. Abin da ya fi ba su tsoro shi ne kullum da safe sai ya cika komi da ruwa, ya zuba dusa, ya zauna yana kallon turken da babu komai.

Kowa da nasa bayanin. Inna ta ce iska ce, don a gindin tsamiya ya kwana ranar da suka gudu. Maƙwabci ya ce sammu ne, an daɗe ana ƙyashin gonarsa. Babban ɗansa ya ce gado ne, wai an taɓa yin mai irin wannan a dangin kakanmu. An yi rukiyya, an sha rubutu, ya ɗan samu natsuwa amma barcin bai dawo ba. Yanzu ɗan nasa ya yanke shawarar kai shi gidan wani mai magani inda ake sa wa marasa lafiya mari. Har an yi magana da mai mota.

Na sami Kawu a bakin komin. Mutumin da ke ɗora ni a bayan bijimi yana waƙar noma ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana da shi, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, wa ake zuba wa ruwan nan?"

Ya ce, "Ɗana, na san babu su. Hannuna ne bai sani ba. In ban zuba ba, mi zan yi da safiyar?"

Na koma zaure na roƙi ɗansa ya bari mu gwada asibiti tukuna. Mun ɗan ɗaga wa juna murya. Inna ce ta raba, ta ce ita dai ba za ta iya ganin ƙarfe a ƙafar mijinta ba.

Washegari muka kai shi wani asibiti a Gusau. Likitar ƙwaƙwalwar mace ce mai sanyin magana, ta kira shi Baba, ta bar shi ya yi bayani da bakinsa. Da muka kawo zancen komi ba ta razana ba. Ta ce yin abin da mutane ba su saba gani ba, shi kaɗai bai isa a kira mutum mai taɓin hankali ba. Abin da suke dubawa shi ne ko halin yana azabtar da shi, ko ya hana shi ci da barci da harkokinsa. Na Kawu, in ji ta, firgici ne da baƙin cikin rashi suka zauna masa. Gado kan iya sa wani ya fi wani saurin kamuwa, amma ba hukunci ba ne. Ta rubuta magani, ta ce a riƙa kawo shi suna zantawa, a ci gaba da addu'a, a kuma daina ɓoye shi a ɗaki.

Kafin mu taho ya fara samun barci. Ranar ƙarshe ya bi ɗansa masallaci, a hanya ya tsaya yana yi wa wani mai garma gyaran yadda ya ɗaura igiya. Bai warke ba, likita ma ta ce abin zai ɗauki lokaci.

La'asar sakaliya muka iso gida lafiya. Abin da na taho da shi daga wannan tafiya ɗaya ne: dukkanmu mun tambayi malami, mun tambayi maƙwabta, mun tono tarihin dangi, amma shekara guda babu wanda ya zauna ya tambayi Kawu abin da ke damunsa. In kuna da irinsa a gida, ku fara da shi.